Rigar Sanyin da Na Warware

Shekara bakwai ke nan da aka sa Rahila a ƙasa, kuma har yau in na ɗauki kwarashi sai in ji kamar tana tsaye a bayana tana kallon yatsuna. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Maƙwabciyarmu ce a Zuru, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Matar soja ce, 'yar coci, ta girme ni da fiye da shekara goma, ni kuwa ɗiyar wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwa. Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini Kulu, in ta so tsokana ta ce Kulun littafi, domin a lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da nake haya a bakin kasuwa. Duk shekara nakan zauna in rubuta wani abu a kanta don wannan shafi. Sai in fara da kyawawan halayenta, in kai tsakiya in yage takardar, saboda na san abin da nake kewayewa. Bana na ce sai na faɗe shi.

Ita ta koya mini saƙar kwarashi. Rahila ba ta sayen sabon ulu, ta ce ba shi da ƙwari. Ranar kasuwa sai ta bi 'yan gwanjo ta zaɓo tsofaffin rigunan sanyi, waɗanda hannu ya ɓule ko wuya ya saki, ta kawo gida ta warware, ta naɗe zaren dunƙule-dunƙule. Akwai wani kwandon kaba a bakin ƙofar falonta, kuma dokarsa ɗaya ce: duk rigar da ke cikinsa ta warwara ce. Ba sai na tambaya ba. Na sha warware riguna daga cikinsa ba ta gida, don ta nuna mini inda take ajiye makulli.

A damunar da nake magana a kai, adon bango ne a hannunmu. Ƙananan saƙa ne masu kusurwa huɗu, kowanne bai wuce tafin hannu ba, a fara daga tsakiya a yi ta zagayawa, kowane zagaye da launinsa. Ita ɗakuna take ce musu. Ɗaki talatin da shida muka yi, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi da ruwan goro da fari, babu biyu masu kama da juna. Zagayen ƙarshe ya rage, wanda ta ce dole ya zama launi ɗaya a dukkansu, in ba haka ba bangon zai yi kama da gidan da kowa ke magana lokaci ɗaya. Kore take so, mai duhu, irin na tsohon ganyen mangwaro. Kasuwa uku tana nema ba ta samu ba.

Yanzu 'yan mata a waya suke koyon wannan saƙa. Na ga ɗiyar ƙanwata ta jingina waya da kofi tana bin hannun wata mata da ba ta san sunanta ba, ga sabon ulu a leda launi-launi. Nakan tambayi kaina me Rahila za ta ce. Ina jin za ta yaba saurin hannunsu, sannan ta juya saƙar ta duba baya, inda ake ɓoye bakin zare, ta yi tsaki. Amma ba zan yi ƙarya ba, akwai ranar da na yi musu hassada. Zaren da ya fito daga leda ba shi da tarihin kowa. Ba wanda ya taɓa jin sanyi a cikinsa.

Mijinta, Sajan Bitrus, an tura su arewa maso gabas, wata rana wayarsa ta daina shiga. Bayan watanni aka kawo akwatinsa na ƙarfe. Babu gawa, babu wanda ya iya cewa ga inda ya faɗi. A cikin akwatin akwai takalmansa da wata rigar sanyi da Rahila ta saƙa masa da hannunta kafin ya tafi. Akwatin ya shige ƙarƙashin gadonta, a kulle, ban taɓa ganin cikinsa ba.

Danginsa suna wani ƙauye bayan Kanya. Mahaifiyarsa tsohuwa ce sosai, kuma abu ɗaya take roƙo: a yi wa ɗanta kabari a gida, ko da rigar nan ce za a sa a ciki, ta samu inda za ta tsaya ta yi masa magana. Shekara biyu Rahila na ƙi. Ni a lokacin gani nake babu soyayya a duniya da ta kai wannan, har nakan kwanta in tsara ranar da zai turo ƙofa da ƙura a ƙafarsa. Danginsa kuwa ba haka suka gani ba. Yayansa, Ishaya, ya aiko da magana ta ƙarshe: ranar Asabar za su zo su karɓi rigar, an haƙa rami, an gaya wa fasto, an gayyaci mutane. In ta sake hana su, za su ɗauke Saratu, ɗiyarta guda ɗaya tilo mai shekara shida, su kai ta ƙauye ta tashi a hannun dangin ubanta. Rahila ta amince za ta bayar. Duk wannan na sani, domin katangarmu gajeruwa ce. Abin da ban sani ba shi ne launin rigar.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga gidan. Ta tafi taron mata a coci, Saratu na makaranta, an ɗan yi yayyafi ya ɗauke. A saman kwandon na ga riga a ninke, kore mai duhu, daidai wanda take nema. Zuciyata ta yi fari. Na ce Anti ta samu, bari in yi mata abin mamaki. Na lura saƙar hannu ce, na lura tana warin hayaƙi da kafur, na kuma lura da wani ɗinki na baƙin zare a gwiwar hannu, ɗinkin namiji, manya-manya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan alamu da ta tsayar da ni, don kayan gwanjo duk da irin warinsu da facinsu suke zuwa. Na samo bakin zaren a wuya, na ja. Wanda ya san saƙar kwarashi ya san yadda take: abin da aka yi wata guda ana ginawa, ja ɗaya ke kwance shi. Kafin azahar babu riga. Baƙin ɗinkin na tsinke shi na jefa a murhu.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ina da wata ɗabi'a da ta sha yi mini faɗa a kai. Ita sai ta gama zagaye take yanke zare, ni kuwa don sauri nakan auna da hannu in yanke na kowane ɗaki tun kafin in fara. Na auna, na yanke, sau talatin da shida. Na zauna ina saƙa ina 'yar waƙa. Na gama ɗaki goma sha ɗaya lokacin da na ji ƙafarta.

Ta tsaya a bakin ƙofa da lema a hannu. Ta dubi kwandon, ta dubi cinyata, ta sake duban kwandon.

"Kulu, ina kinka samu wanga zare?"

"A kwando mana, Anti. Ai kin iya ɓoye abu, kin samu kore ba ki faɗa ba."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ɗauki guntun zare ɗaya ta kai hancinta. A nan na gane, tun kafin ta buɗe baki. Ta ce ta fito da ita ne da safe ta sha iska saboda warin akwati, hadari ya taso tana shirin fita, ta fizge ta daga igiya ta ajiye inda hannunta ya fara kaiwa.

Na yi kuka har muryata ta dushe, ita ko hawaye babu. Da na samu numfashi sai na kawo irin dabarar da na saba karantawa. Na ce mu ƙulla guntayen, mu saƙa wata rigar, mu biyu ne, muna da yini biyu, wa zai gane? Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Tsohuwar nan ta riƙe rigar ranar da anka kawo akwati. Ta shafa ɗinkin da ya yi da hannunshi. Idonta ne ya mutu, ba yatsunta ba. Kuma ko ba ta gane ba, ƙarya za mu sa a ramin?"

Na ce to me za mu yi. Ta ajiye guntun zaren. Can ta miƙo mini kwarashina, ta ɗauki nata.

"Ƙarasa abin da kinka fara."

Ranar Juma'a tun da safe muke zaune a tabarma ɗaya har rana ta yi ja, kuma ban ji kalma goma daga bakinta ba. Muka zagaye sauran ɗakunan da kore, muka jera su shida-shida, ta haɗa su da sauran zaren, ta yi baki a kewaye, ta zura sandar gora a sama. Duk lokacin da babur ya tsaya a layinmu sai in dubi ƙofa, ko sun zo da wuri ne. Saratu ta dawo makaranta ta ce kai Mama, ya yi kyau, Rahila ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Da la'asar, cikin wauta, na tambaye ta abin da ke cina. Na ce ko dai zuciyarta ce ta kai rigar kwandon, don ba ta son rabuwa da ita. Ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Ba littafi muke ciki ba, Kulu. Ruwa ne ya taso."

Da zan tafi ta ce kada in zo gobe. Za ta ce ita ta warware. Ta ce garin nan ƙarami ne, in aka ji ɗiyar Alhaji ce ta yanka rigar mamacin 'yan coci, kafin magana ta kai kasuwa ta zama wata aba dabam, ta fi ƙarfin zare. Na san gaskiya ta faɗa. Na kuma san in ta ɗauki laifin, Ishaya zai ce da gangan ta yi, ya tafi da Saratu.

Ina rubuta wannan ina tunanin yadda abubuwa suka ƙara tsami tun bayan nan. Yau da an ɗauki hoton bangon, da kafin azahar ya zagaya wayoyin mutanen da ba su san ko ɗaya daga cikinmu ba, kowa da fassararsa. Rahila ba ta ga wannan zamani sosai ba. Ba na jin zai canza abin da ta yi, sai dai da kulle ni za ta yi a gida.

Asabar da hantsi babura biyu suka tsaya. Ina leƙe ta saman katanga. Ishaya dogo ne, da baƙar riga ta zuwa jana'iza. Aka sauko da tsohuwar, 'yar ƙarama, da sanda, da sabon zane. Rahila ta tura Saratu gidanmu, yarinyar ta zauna wajen mahaifiyata tana cin gyaɗa. Na yi alwala ban san dalili ba, na sa mayafi, na zagaya. Na tsaya a bakin ƙofa kusa da kwandon.

Na tarar ta riga ta faɗa. Adon na rataye a ƙusa, hasken taga na dukansa, kuma wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau da na tsana kamarsa ba. Ishaya na tsaye.

"Shekara biyu kina hana mu binne ɗan'uwanmu, yanzu kin mai da shi kayan ado? Mutane na can na jira a bakin rami. Mi zan ce musu? In ce yana bango?"

"Yaya, kuskure ne."

"Kuskure! Ke da kinka saƙa ta da hannunki? Haɗa kayan yarinyar nan."

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce, "Baba, ba ita ba ce. Ni ce." Muryata ta fito siririya kamar ta akuya. Ya juyo, ya dubi mayafina, na ga abin da Rahila ta ji tsoro ya taso a fuskarsa. Ta ce, "Kulu, fita." Ban fita ba. Na faɗi komai, kwandon, da koren da muke nema, da yankan da na yi, har da ɗinkin da na jefa a murhu. Da na kai nan Rahila ta rufe ido, domin wannan ban gaya mata ba.

Tsohuwar ta gyara zama. Ta yi wa Rahila magana da C'lela, yarensu, Rahila ta sauko da adon ta shimfiɗa mata a cinya. Ta fara bin sa da yatsu, ɗaki-ɗaki, tun daga kusurwar sama. Ba ta taɓa ja ko shuɗi, koren kawai take bi. Ishaya ya fara magana, ta ɗaga hannu, ya yi shiru. Ba na jin ta wuce minti goma, amma a cikinsu na ji kukan kowace kaza a unguwar. A layi na biyu ta tsaya a kan wani ɗaki. Na gane shi. Shi na fara yi ranar Alhamis, saƙar ta yi sako-sako don ina sauri, zaren bai miƙe ba, na wuyan rigar ne. Ta kai shi fuskarta ta daɗe.

Sai ta ce da Hausarta gajeruwa, don ni ma in ji, "Wanga nawa. Cire."

Rahila ta ɗauki allura, ba almakashi ba, ta kwance haɗin ɗinki ɗaya-ɗaya har ɗakin ya fito. Tsohuwar ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ishaya ya ce, "Mama, wannan ɗan abin za mu sa a rami? Yarinyar fa?" Ta amsa masa da yare, doguwar magana, mai kaifi. Daga baya Rahila ta fassara mini kaɗan daga ciki. Ta ce ita ta haife shi, kuma ranar da ta haife shi bai fi abin da ke bakin zanenta nauyi da yawa ba. Ƙarshen kuwa da Hausa ta yi shi, tana nuna adon da sandarta: "Ubanta na nan. Ina za ka kai ta?"

Da za ta fita ta tsaya a gabana, ta kama hannuna na dama ta matsa yatsun da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Rahila ta bi su ƙauye aka yi jana'izar, Saratu ta kwana biyu a gidanmu, ranar Litinin uwarta ta dawo ta ɗauke ta.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya koma daidai. Wata biyu Rahila na amsa gaisuwata a taƙaice. Ta daina ajiye makulli inda na sani. Ranar da ta sake kirana ta katanga, cewa ta yi in zo in riƙe mata zare, ba ta ƙara da komai ba, kuma ba mu sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Adon ya koma ƙusarsa da gurbi ɗaya a layi na biyu, ana ganin farar ƙasar bango ta ciki. Baƙi sukan ce ba a ƙarasa ba ne, ta ce an ƙarasa.

Shekara uku bayan nan ciwo ya kwantar da ita, bai daɗe ba. Danginta suka so a binne ta a Zuru. Tsohuwar nan, wadda a lokacin ba ta iya hawa babur, ta aiko Ishaya da saƙo: a kawo mata matar ɗanta gida. Shi da kansa ya ɗauki kan akwatin gawarta. A ranar ne ya fara amsa gaisuwata. Na ga kabarin Sajan Bitrus, cikakken kabari, da tsawon mutum, ga nata an haƙa a gefensa.

Yau hanyar ƙauyen ba ta biyuwa yadda aka saba. Mutanensu da yawa sun taso sun dawo cikin gari, tsohuwar ta rasu, kuma na yi shekaru ban tsaya a kan kabarin Rahila ba. Saratu ta zama budurwa, tana makaranta, tana hutu a Zuru wajen ƙanwar uwarta, in ta ga dama ta je wajen Ishaya, ba wanda ya ɗauke ta da ƙarfi. Adon na ɗakinta. Jan ya koɗe, farin ya yi duhu, koren ne kawai bai gaji ba.

In na auna abin da ya rage na Rahila, ba saƙar nake fara gani ba, ko da yake duk abin da hannuna ya iya nata ne. Abin da nake gani mace ce da aka ba ta ƙarya mai sauƙi, a ranar da gaskiya za ta iya raba ta da ɗiyarta, ta ƙi karɓa, sannan ta juya ta shirya yin wata ƙaryar don ta kare wadda ta jawo mata masifar. Na daɗe ina ƙoƙarin daidaita waɗannan biyun ban iya ba, na bar su yadda suke. Littattafan da na tashi da su sun koya mini jiran wanda zai dawo. Ita ta nuna mini abin da ake yi da safiyar da aka tabbatar ba zai dawo ba.

Bara Saratu ta tambaye ni ko da gaske ne abin da ke cikin kabarin babanta bai fi tafin hannu ba. Na ce da gaske ne. Ta tambayi wa ya saƙa shi. Na ce tsakiyar ta mamanki ce, bakin nawa ne, kuma ya yi sako-sako. Sai ta ce, "To, Anti Kulu, ke ma kina can ke nan." Allah ya raya abin da Rahila ta bari.